Idon Sanda Mai Hoto

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Kaduna shekarun baya, da wuya a buɗe fayil ɗinsa ba a ga fasfon da Malam Sanda ya ɗauka ba. Shagonsa na nan Kawo bayan tasha, tsakanin mai gyaran rediyo da mai katifa. Baƙi da fari kaɗai yake yi. Lokacin da hoton kala ya shigo gari abokan sana'arsa suka ruga, shi ko ya taɓe baki ya ce wasan yara ne. Kuma wallahi ba cika baki ba ne, mutumin nan zai ɗago hoto a jiƙe ya ce maka wuyan rigar ya yi duhu da ƙiris, kai kana ta zare ido ba ka ga komai ba. Idon nan shi ne jarinsa, shi ne sunansa a gari, kuma ya san haka har ya so ya yi yawa.

To, sai takardar hoto da ruwan wanke hoton suka fara ɓacewa a kasuwa. Ya jure, ya jure, daga ƙarshe dai ya ja ƙafa zuwa Babbar Kasuwa wurin Hamza mai sayar da firinta.

Hamza ya nuna masa guda biyu. Ƙaramar tana haɗa tawadar kala ne ta fitar da ruwan toka. Babbar kuwa baƙar tawada take sha kashi uku: baƙi wuluk, toka mai duhu, da toka mai haske.

"Baba, don irin aikinka babbar ce daidai," in ji Hamza. "Ƙaramar wani lokaci takan ja hoto ya yi kore-kore."

"In ya ja kore ai zan gani," Malam Sanda ya ce a fusace. "Tun ba a haife ka ba nake wannan aikin."

Ya ɗauki ƙaramar, don tawadarta ko'ina akwai.

Aikin farko da ya shigo na Hajiya Nafisat ne ta Malali. Mijinta Alhaji Yahya ya rasu, kuma Malam Sanda ne ya ɗauke shi hoto ranar da ya kama aiki, fim ɗin na nan a akwati. Tana son babba na falo kafin 'ya'ya su taru sadakar arba'in. Ya zauna ya gyara shi a kwamfuta, ya buga, ya duba a hasken ƙofa, ya ji daɗi har ransa. Ya sa a firam ya kai da kansa.

Hajiya na yaye takardar da aka naɗe shi ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Malam Sanda, me ya sami Alhaji?"

"Me kika gani, Hajiya?"

"Kore! Fuskarsa kore, rigarsa kore, sai ka ce an tsamo shi a miyar kuka!"

Ya karɓa ya duba. Ga Alhaji nan tas, baƙi da fari. Ya ce a ransa baƙin ciki ne ya taɓa mata ido, Allah sarki. Amma ta ƙwala wa ƙanwarta kira, ita ma tana leƙowa ta ce, "Kai! Wane ne ya yi wannan ɗanyen aiki?" A gabansa fa, shi Sanda. Ya rungumi firam ya fito.

Bai tsaya ko'ina ba sai shagon Hamza, yana faɗa tun daga bakin ƙofa wai mutane sun daina sanin hoto. Hamza ya karɓi firam ɗin. Ya buga wannan hoton a babbar firinta, ya jera su biyu a kan tebur.

"Baba, wanne ne koren?"

Malam Sanda ya sunkuya. Ya goge tabarau ya mayar. Ya fita da su rana ya dawo. Iri ɗaya suke, wallahi iri ɗaya. Amma girman kai bai bar shi ya yi shiru ba, sai ya ɗora yatsa a kan ɗaya. A kan mai kyaun ya ɗora. Hamza ya sunkuyar da kai ya shiga gyara wayoyin da ba su buƙatar gyara.

Bayan la'asar ya isa gida, ya tarar da matarsa Rabi tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ya ajiye hotunan a gabanta.

"Wanne ne kore?"

Ko tsayawa ba ta yi ba ta nuna da baki. Sannan ta dubi fuskarsa, ta ajiye faifan.

"Rabi, idona ya lalace."

"Bai lalace ba, Malam. Haka yake tun da na san ka."

"Kamar yaya?"

"Wa kake tsammani yake fito maka da hula kullum da safe? Satin da aka kawo ni ka ɗora koriyar hula a kan jar riga za ka ɗaurin aure, ka ce sun dace. Da farko na zaci ɓoyewa kake yi. Da na gane kai ma ba ka sani ba, sai na ga aikinka bai nemi kala ba, me zai sa in tayar maka da hankali?"

Ya zauna daɓas a kan turmi. Shekara sittin da biyu yana yawo da idon da duk gari ke yabo, ashe duniyar da yake gani daban take da ta kowa, kuma mace ɗaya ta rufa masa asirin da bai ma san yana da shi ba. Kuka ya zo masa, ya haɗiye da ƙyar.

Washegari ya mayar da ƙaramar ya ɗauko babbar, ya kuma ba Hamza haƙuri. Da ya sake buga hoton Alhaji, bai yarda ya sa a firam ba sai da Rabi ta zo shagon ta duba ta ce ya yi.

Tana ɗaure mayafi za ta tafi, idonsa ya sauka a kan hoton da ke rataye saman tebur, wanda ya ɗauke ta ranar da ta fara shigowa shagon nan yin fasfon makaranta. Babu mai zuwa ɗaukar hoto da bai sha labarin yarinya mai mayafi ruwan toka da ta sa ya manta bai cire murfin kyamara ba.

"Rabi, wannan mayafin fa?"

Ta ɗaga kai ta dubi hoton.

"Kore ne, Malam."

"Shekara talatin da bakwai ina ba mutane labari, ba ki taɓa gyara min ba?"

"Ai a hakan ka gan ni ka ce kana so," in ji ta. "Shi ya sa na bar shi ruwan toka."