Yaɓen Tsohon Coci

Jiya ƙanshin ruwan farko ya tuno mini da marigayi kawu. Musulmi ne, amma duk bazara sai ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe tsohon cocin ƙauyenmu, kusa da Wagini, wanda masu shi suka tashi, ya koma ma'ajiyar dawa.

Na taɓa ce masa, "Kawu, wa kake yi wa wannan wahala?"

Ya share gumi, ya ce, "A nan aka warkar mini da gyambo ina yaro. Ba zai rushe a kan idona ba."

Yau matan da suka gudo daga Runka saboda 'yan bindiga ke kwana ciki da 'ya'yansu, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Allah ya lulluɓe kawu da rahama yadda ya rufa musu asiri.