Tumatirin Kura a Duwatsun Ondo

Muna sallame sallar asuba muka bar Kura, babbar mota shaƙe da kwandunan tumatir. Bana ruwan madatsar Tiga ya wadata, tumatir ya yi yawa har yana ruɓewa a bakin titi. Shi ya sa maƙwabtana na Kura da Bunkure suka haɗa nasu da nawa, suka ce in gwada Akure, babban birnin jihar Ondo. Ni kuwa ban taɓa wuce Kaduna ba. Mu uku ne a gaba: ni, da direba, da wani dattijo mai fataucin goro wanda ya san ƙasar.

Har Lakwaja, inda muka kwana, babu matsala sai zafi. Duk inda muka tsaya sai na hau baya na shinshina kayan.

Daga Okene ƙasa ta sauya. Mu da muka saba da fili shimfiɗe kamar tabarma, sai ga baƙaƙen duwatsu ta ko'ina, hanya tana murɗewa a tsakaninsu. Dattijon ya ce daga tsohuwar Jihar Yamma aka yanki Ondo. Arewacinta ƙasar Ekiti ce, tsauni bayan tsauni, kudancinta kuma ya kai teku, inda kwalekwale ne motarsu. Ya nuna mini gonakin koko, ya ce ba wanda muke sha da ƙosai ba ne. Na yi dariyar yaƙe, hankalina yana baya.

Dab da Owo, a tsakiyar wani dogon hawa, injin ya mutu. Sai na ji motar tana silalewa da baya, ga kwari a gefe.

"Baba, Malam, ku dira ku sa dutse!" in ji direba, ya danne birki da duk ƙarfinsa.

Muka dira muna salati. Dutsen farko taya ta haye shi. Na biyun, wanda muka kinkimo tare da dattijon, shi ya riƙe ta. Direban ya fito rigarsa sharkaf, ya shiga ƙarƙashin mota, bai gama ba sai la'asar. Ni dai ina zaune ina kallon jan ruwa yana ɗiga daga kwanduna, ina tuna wata gwauruwa a unguwarmu da ta ba ni nomanta duka. Matan wani ƙauye da ke kusa suka kawo mana sakwara da miya mai yaji.

A Akure muka tarar na ƙasa sun narke. Sauran kuwa matan kasuwa suka yi musu caa, muka yi ciniki da yatsu da guntun Yarabancin dattijon. Washegari ya kai ni Idanre, garin da duwatsu suka kewaye. Ya ce a can ƙolin duwatsun kakannin mutanen garin suka zauna saboda yaƙi, sai zamanin Turawa suka sauko.

Da na dawo Kura na tara masu kaya na faɗa musu asarar. Gwauruwar nan ce ta fara magana: "Ɗan nan, ai da a nan ne, duka za mu zubar."

Na koyi cewa tumatirin nesa tun bai nuna sosai ba ake tsinkarsa. Yanzu kuma duk wanda ya ce mini direba a zaune yake cin abincinsa, sai in ce ya shirya mu je Owo.