Kazar Mama Selina

Shekara ashirin da ɗaya Mama Selina ta yi tana share ɗakin yara a wani asibitin mishan kusa da Kafanchan. Mijinta leburan reluwe ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da kaji. Ko allura ba ta taɓa riƙewa ba. Amma idan aka fito da yaro daga tiyata, maganin barci ya sake shi ya fara ihu, nas-nas da kansu ke cewa a kira Selina. Sai ta jingine tsintsiya, ta tallafe masa hannu da matashi, ta yi ta rera masa waƙar coci, da muryar da, tsakani da Allah, ba daɗi gare ta ba. Yaro dai ya yi barci.

A farkon daminar 1974 aka kawo Asibi daga Fadan Kagoma, 'yar shekara bakwai. Ta faɗo daga mangwaro, gwiwar hannunta ta karye, sai da likita ya yi mata aiki ya sa filasta. Kwana biyu ba ci ba sha, waƙa ma ta ƙi aiki.

Ashe maganar kakarta ce ta hana ta ci. A ƙauyensu maɗori yakan karya fiffiken kaza ya ɗaure shi tare da hannun mai karaya, kaza na warkewa mutum na warkewa. A gaban yarinyar tsohuwa ta ce ɗorin da babu kaza ba ya kamawa, gobe za ta kai ta wurin maɗori a fasa filastar. Likita kuwa ya ce in aka taɓa hannun yanzu, ya shanye ke nan.

Selina ba ta yi gardama ba. Da safe sai ga ta da jar kaza a hammata, fiffike ɗaure tamau da kara da bandeji.

"Kaka, ga kazar jikarki."

Tsohuwa ta karɓa, ta latsa fiffiken a hankali. Ƙashi lafiya ƙalau. Ta ɗago za ta yi magana, sai ta ga Asibi ta tashi zaune tana miƙo ɗaya hannun.

"Kaka, ta ci abinci?"

"Ke take jira ki fara," in ji Selina.

Asibi ta shanye kunu tas. Tsohuwa ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce da ƙarfi, "Ɗorin nan ya yi kyau."

Mako shida kaza ta yi ɗaure a gindin taga, don haushi har ƙwai ta daina. Ranar da aka yanke filasta, Asibi da yatsunta ta kwance mata bandeji. Tsohuwa ta ja Selina gefe, hawaye na zubo mata.

"'Yata, tun ranar farko na san ba ki karya ta ba. Da na ɗauke yarinyar nan, da ni na kashe mata hannu. Allah ya sāka miki."