Sakinatu da Takardar Tsuntsayen Setapak

Sakinatu 'yar Ɗambatta ce, malamar firamare. Aure ne ya kai ta Kuala Lumpur: ta bi mijinta, Malam Yusha'u, wanda gwamnati ta tura ya yi digiri na uku a fannin lissafi. Suka kama haya a hawa na huɗu na wani tsohon bene a unguwar Setapak, su da 'yarsu Fiddausi. Ta shekara biyu a gidan ba ta san sunan maƙwabci ko ɗaya ba, domin yaren Malay ɗinta bai wuce na cefane ba.

Abin da ta fi kewa a garin shi ne ƙasa. Mahaifiyarta, Daso, mace ce da ba ta iya ganin fili a banza. Bayan ɗakinta akwai rama, akwai yakuwa da zogale, ga tsohon kasko cike da ruwa don kurciyoyi. A cikin wannan Sakinatu ta tashi, sai ga ta a inda ko'ina siminti ne.

A watan Maris na 2020 aka kulle gari saboda korona. Malam Yusha'u ya mayar da falo ofishinsa, ita kuwa ta koma yini a tagar kicin. A ƙarƙashin tagar akwai wani tsiririn fili tsakanin benen da babbar kwata, inda mutane ke jefar da karyayyun kujeru da tsofaffin katifu. Da ƙarar motoci ta ɗauke, sai ta fara jin kukan tsuntsaye. Wata rana ta hango kurciyoyi biyu suna tsotsar ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, abin ya tsaya mata a rai. Washegari da za ta kai shara, ta sauko da wata tsohuwar tasa, ta cika ta da ruwa, ta ajiye a gindin bango.

Da aka sassauta kulle ta shiga kwashe tarkacen, kullum kaɗan. Ta roƙi reshen zogale wajen wani Ba'indiye mai kayan miya ta kafa, ta shuka gwanda da kuɓewa. Duk wannan a idon Makcik Zaitun ake yi, wata dattijuwa Bamalaya da ke hawan ƙasa, tsohuwar tela, mijinta ya rasu. Sati biyu tana leƙe ta labule. Ran nan sai ta fito da takunkumi a fuska, rungume da tukunyar furanni, ta dire a gaban Sakinatu, ta nuna ƙasa da yatsa.

"Boleh?" in ji ta, wato ko za a iya.

"Boleh," in ji Sakinatu.

Daga wannan kalmar ƙawancensu ya fara. Rabin hirarsu da hannu ake yi, rabi da dariya. Kafin shekara ta ƙare wurin ya yi kore shar. Malam-buɗe-littafi ya yawaita, ƙudan zuma suka zo, kwaɗi suka tare, har wani guza ya riƙa fitowa daga kwata yana shan hantsi a kan dutse.

Sai labari ya zo cewa kwamitin gidan zai malale filin da siminti a riƙa ajiye babura. Makcik Zaitun ce ta zo da shawara. Ɗanta ya gaya mata akwai wata ƙungiyar masu kula da halittu da ke ba unguwa takardar shaida idan ta zama mazaunin tsuntsaye da ƙananan dabbobi. Sharuɗɗan su ne a samu abinci da ruwa da maɓoya da wurin sheƙa, a daina zuba wa shuka guba, sannan fiye da rabin gidajen su sa hannu.

Da Sakinatu ta kai wa mijinta zancen, ya ɗago daga kwamfuta ya dube ta.

"Maman Fiddausi, ni da na zo neman takarda ban samu ba tukuna, ke tsuntsaye za ki nema wa?"

"Malam, taka shekara huɗu take ci. Tasu shafi shida ce. Ka taimaka ka cike mana Turancin."

Ya yi dariya, ya cike.

Matsalar ita ce shugaban kwamiti, Ankal Chong, tsohon direban bas, Basine, mai yawan ɗaure fuska. Wata safiya Sakinatu ta sauko ta tarar ya kifar da tasar ruwan da wani babban baho da ta ƙara. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta gaishe shi kamar yadda za ta gaida sa'an babanta. Ya yi mata bayani da Turancinsa mai gutsuttsure: ruwan da ke kwance shi ke haifar sauro, sauro ke kawo zazzaɓin dengi, kuma matarsa ta taɓa kwana tara a asibiti saboda shi.

Ba ta yi musu ba, don ta san gaskiya ya faɗa.

"Ankal, ban san wannan ba," ta ce. "Tasar zan riƙa sauya mata ruwa kullum. Bahon kuma, kai ka san garin nan, ka gaya mini yadda zan yi."

Ya juya ya tafi. Bayan kwana biyu aka ƙwanƙwasa ƙofarsu. Malam Yusha'u ya buɗe, ya ga Ankal Chong ya ja da baya taku uku, ya ajiye leda ɗaure da ruwa a bakin ƙofa, ƙananan kifaye suna ta yawo a ciki. Ashe dattijon kiwon kifi yake a ɗakinsa.

"Suna cin 'ya'yan sauro," ya ce. "Ka ce mata kada ta ba su abinci da yawa. In sun ƙoshi ba sa aiki."

Sa hannun ya ɗauki wata uku. Ba a shiga gidan mutane a lokacin, don haka ta rataye takardar a gindin matakala, da biro ɗaure da zare da kwalbar man wanke hannu. Wasu suka sa, wasu suka wuce. Wata mata ta ce sai an kori guzan tukuna. Ɗaliban Najeriya na hawa na shida kuwa wata damuwa ce da su daban. Ɗayansu, Mus'ab, ya tare ta yana murmushi.

"Anti, wannan guzan fa a gida farfesu ne."

"A nan ɗan unguwa ne, Mus'ab. Sunansa na cikin takarda. Sa hannu."

Ya sa, ya kuma kawo sauran. A ƙarshe gida sittin da takwas cikin ɗari da ashirin suka amince.

A tsakiyar 2021 cutar ta sake tsananta, ta kama Makcik Zaitun, aka tafi da ita asibiti. Sakinatu ta kasa cin abinci ranar. Kowace safiya sai ta sauka lambun ta naɗi kukan tsuntsaye a waya ta aika mata, ko da ba a amsa ba. A rana ta goma amsa ta zo, murya a shaƙe, tana tambaya ko an shayar da furanninta.

Tana asibitin aka sa ranar duba wurin. Ba wanda ya zo, ta bidiyon waya aka yi. Sakinatu ta zagaya da wayar, Turancin yana guje mata. Ankal Chong, wanda ya ce wucewa kawai yake, ya tsaya ya karɓi bayanin kifayen har sai da jami'ar ƙungiyar ta ce ya isa. Sannan Sakinatu ta ɗaga reshen wata bishiyar lemun tsami a hankali, ta nuna sheƙa da ƙwai biyu a ciki.

Takardar ta iso bayan wata biyu, tare da ɗan allon ƙarfe. Lokacin Makcik Zaitun ta dawo, ta rame amma tana takawa. Ita aka ba ta riƙe allon, Ankal Chong ya buga ƙusa, mutane suka leƙo ta tagogi suna tafi. Kwamiti ya nema wa babura wani wuri a gaban gida.

A 2022 Malam Yusha'u ya kammala, suka koma Ɗambatta, Sakinatu ta koma ajinta. Ranar tafiya Makcik Zaitun ta rungume ta ta daɗe ba ta saki ba, ta cusa mata rigar da ta ɗinka mata da hannunta. Lambun ya koma hannun dattijan biyu, suka raba kwanakin ban ruwa, kuma ba a sati ba su yi faɗa a kai ba. Kowannensu sai ya aiko mata da ƙarar ɗan'uwansa ta waya. Takan saurara a lokacin tara, tana zaune a ofishin malamai, ta ba kowa haƙuri, ta ce shi ne mai gaskiya.