Motar Alhaji Ndako da ba ta da laifi

Shekara takwas ke nan da rasuwar Alhaji Ndako, direban bas, mutumin Bida da ya yi rabin rayuwarsa a kan hanyar Minna zuwa Gidan Kwano yana ɗaukar ɗaliban jami'a. Ni bakanike ne a unguwar Dutsen Kura cikin Minna, sunana Bitrus, daga kudancin Kaduna iyayena suka zo da ni. Fiye da shekara ashirin ni nake gyara masa mota, kuma ta dalilin motar nan na san sirrin da ya ɓoye wa kowa, har da matarsa.

Ɗalibai ne suka fara kawo mini ƙorafi. Wai motar Alhaji ta lalace, tafiyar da ba ta kai awa guda ba sai ya tsaya sau uku, ya ce zai duba taya, ya zaga baya ya daɗe. Na ji haushi, domin sunana ne zai ɓaci. Na karɓi motar na yini a ƙarƙashinta, ban ga komai ba. Da yamma na ce masa, "Alhaji, motar nan lafiyarta ƙalau. Me ke tsayar da kai?"

Ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Malam Bitrus, fitsari ne. Ya matse ni kamar zan mutu, in na tsuguna kuma sai ɗigo-ɗigo."

Shekara biyu ya yi yana wannan fama. Ya daina shan ruwa da rana duk zafin Minna, ya sha jiƙe-jiƙen da ba sa ƙirguwa. Abin da ya hana shi zuwa asibiti shi ne mahaifinsa. Irin ciwon ne ya kama tsohon a Bida, aka tsaga masa mara, ya yi wata biyu a kwance, bai ƙara tashi ba. Alhaji ya rantse wuƙa ba za ta taɓa cikinsa ba.

Wata Laraba da hantsi fitsarin ya tsaya cak. Ya iso garejina yana gumi, ya kasa ko sauka daga kujerar direba. Ni na tuƙa shi zuwa asibiti, aka sa masa robar fitsari, ya samu sauƙi nan take. Likita ya bayyana mana cewa akwai wani nama a ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, suna ce masa furostet, wanda yakan kumbura idan shekaru sun ja, ya matse hanyar fitsari. Na Alhaji ya wuce na magani, sai aiki. Ya tura mu wani asibiti a Abuja, ya ce can ba sa tsaga ciki. Wani siririn ƙarfe mai kyamara a baki ake zurawa, a kankare naman daga ciki.

"A zura ta ina?" in ji Alhaji.

Da likita ya faɗa masa ta inda fitsarin ke fita ne, sai ya ɗauki hularsa ya ce gara robar. Sati uku ya yi da jakar fitsari ɗaure a ƙafa, ba tuƙi, ba masallacin Juma'a. Matarsa Hajiya Fati, wadda sai a lokacin ta san komai, ita ta karya masa taurin kai. Ta ce kunyar da ta hana shi faɗa mata shekara biyu ta isa haka, ta shirya masa jakar tafiya ta kira ni.

A asibitin Abuja allura aka yi masa a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, amma idonsa biyu. Washegari na same shi ya ɗaga riga yana laluben cikinsa, yana neman ɗinki. Babu ko ƙwarzane. Ya ce anya an yi aikin kuwa, ko dai barci kawai aka sa ƙafafunsa? Bayan kwana uku aka cire robar, muka kamo hanya. Daga Abuja har Minna bai ce in tsaya ba ko sau ɗaya, sai murmushi yake yi yana shan ruwan leda.

Mutumin da ya ɓoye ciwonsa shekara biyu sai ya koma ba ya iya yin shiru. Duk direban da ya gani yana yawan zagawa bayan tasha, zai bi shi ya ja shi gefe. Wasu sun ji haushi, wasu sun je asibiti. Ya ƙara shekara shida yana tuƙi kafin hawan jini ya yi ajalinsa. Allah ya jiƙansa.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu har da hasken lesa ake aikin, zai so ya ji yadda haske ke yanka nama, kuma sai ya gajiyar da likita da tambaya. Masu tallan maganin gargajiya da suka cika wayoyinmu kuwa, da sun sha faɗa, don ya san ɗacin kowace kwalba. Ni kaina da nawa ya fara bara waccan, a ranar na faɗa wa matata, cikin sati na ga likita. Ƙwayoyi kawai nake sha har yanzu, saboda na je da wuri.

A watan jiya na kai wa Hajiya Fati gaisuwa, na tarar da babban ɗansu Usman, furfura ta fara fito masa. Na ga ya kamata in yi abin da ubansa zai yi. Na ja shi gefe, na fara kame-kame ina neman ta inda zan soma. Ya bar ni na gama wahala, sannan ya yi dariya.

"Kawu, Baba ya riga ka. Tun kafin ya rasu ya sa na yi masa alkawari in na cika hamsin zan je a duba ni. Ranar Litinin na je."