Ƙyallen Tsakiyar Bargo

Wata Asabar ce cikin Nuwamban 1983, muna bugun shinkafa a fadamar Gummi, ƙaiƙayi ya cika mini wuya, sai ga ƙanwata Talatu a guje tana haki, wai Baba ya dawo. Na ce wane Baba? Mutumin da ya ɗauki jakarsa ya bi wata mata Yawuri tun ina aji huɗu, ko gaisuwa bai taɓa aikowa ba, shi ne na tarar zaune a kan kujerar Inna yana shan ruwa a moɗarmu, ya rame kamar kara, takalminsa ɗaya ɗaure da igiya. Inna kuwa tana durƙushe bakin murhu tana ta hura wutar da tuni take ci. Ban gaishe shi ba. Na jingine sandar bugu na wuce.

Mu Kirista ne, 'yan gidaje kaɗan a bayan gari, kakanninmu daga wajen Zuru suka zo. Matan zuriyar Inna suna da wata al'ada: kowace matar aure tana da bargon ƙyallaye da ake ɗinkawa da hannu. Ba a sa sabon yadi, sai tufar da ɗan gida ya sa har ta sha zufarsa. Ga zanen Inna, ga rigar baftismar Talatu, ga ɗankwalin wata gwaggo da ta rasu. Tsakiya ta maigida ce. Can gefen ƙafa kuma, inda ke fara cinyewa, nan ake jera tsumman goyo. Da Baba ya tafi, Kaka Saratu, uwar Inna, ta sa reza ta farke shuɗin ƙyallen rigar aurensa ta jefar bayan danga. A damunar nan aka cire ni daga makaranta. Kaka ta yanki bayan rigata ta kaki ta cike gurbin, ta ce, "Kai ka noman gidanga yanzu, kai ad da tsakiya."

To, na yi noman. Ina jin an buga ƙarfen makaranta ina cikin taɓo har gwiwa. Sa'o'ina suna langa a fili, suna buga ƙwallon tsumma, ni ina kaɗa gwangwani ina korar tsuntsayen janbaki da majajjawa har murya ta dushe. Da rani in bi masunta jan taru don mu samu na miya, in yi itace, in yi wa maƙwabcinmu Malam Sani kiwon tumaki ya ba mu ɓawon wake da ɗan gero. Ban yi ƙorafi ba, domin duk safiyar da Inna ta shanya bargon nan a igiya, ƙyallen kakina ne a tsakiya, kowa yana gani.

Sai ga wannan bawan Allah ya dawo ya shiga zawarcin matarsa kamar saurayi. Ya gyara jinkar ɗaki. Ya ɗauki tulu ya tafi rijiya cikin mata, ana yi masa dariya, ko a jikinsa. Ya tashi gaban jama'a a majami'a ya faɗi laifinsa yana hawaye, tsofaffi suna "Amin, amin." Fasto kuma ya kama wa'azin gafara Lahadi bayan Lahadi, idonsa a kaina, sai ka ce ni na bi mata Yawuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na ga Inna ta sa tozali. Tozali! Matar da ta yi shekaru ko madubi ba ta nema, ita ce take dariya har tana rufe baki don ya kawo mata kifin ragon ruwa guda biyu.

Amma al'adar tana da sharaɗi. Idan an ba rayayye tsakiya kuma yana cikin gida, ba mai fitar da shi sai shi da hannunsa. Gab da Kirsimeti matan majami'a suka taru da hantsi ƙarƙashin tsamiyarmu da allurai da zare, aka baza bargon a tabarma. Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da shuɗin ƙyallen nan. Ashe tun ranar da aka jefar ta tsince shi, ta wanke, ta ɓoye a ƙasan adaka. Ina can ina fama da janbaki, ita tana nan tana ajiyar tsumma!

Kaka ta miƙo mini reza. "Bitrus, ubanka ya dawo. Farke."

Na ce, "Ba ni farkewa. Wa ya noma shinkafar da yake ci?"

"Kai wanga yaro, mi kaka so, ya kwanta maka ƙasa?"

Mata suka yi ca a kaina, wannan ta ce zunubi ne, waccan ta ce taurin kan ubansa ya kwaso. Inna kuwa tana ta murza ƙyallen a hannu. Sai Baba ya taso daga inda yake sassaƙar ƙota, ya ce, "Ku bar mai wurinshi, shi ya biya shi." Ya dubi Inna ya ce, "Rahila, sa ni wajen ƙafa." Wata ta ce ai can wurin tsumman goyo ne. Ya ce ya sani. Inna ta zura zare ta ɗinka shi can, tana kuka tana dariya, ni kuma na tsaya da reza a hannu kamar wawa. Faɗa na shirya, mutumin ya hana ni ko wannan.

Sun yi sama da shekara ashirin suna rufa da bargon nan, ni a tsakiya, shi a ƙafa. Ban taɓa farkewa ba, bai taɓa tambaya ba. Makaranta kuwa ban koma ba, ƙato da ni ina zan zauna cikin ƙannena? Ita ta samu mijinta, shi ya samu matarsa, ni ba wanda ya mayar mini da aji biyar.

Yanzu 'yata tana karanta littattafan soyayya na Kirista, inda ake yafe komai a shafin ƙarshe a rungume juna. In na ce mata ƙarya ne sai ta ce na cika ɗaci. Bargo ma na kasuwa muke saya, mai hoton damisa, ba zufar kowa a jikinsa. Ɗana na fari yana Gusau, mun saɓa, ya daina ɗaukar wayata. Da can, ko kana fushi da mutum, akwai gefen da za a ajiye shi kusa da kai. Ni ko gefen ƙafar ma zan karɓa.