Gwiwar Jabiru

Muntaka da Jabiru lungu ɗaya suka tashi a unguwar Sharafiyya, can ƙasa mai tsarki, kuma Muntaka ya fi iya jefa ƙwallo a kwando. Sai dai mahaifin Jabiru ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, na Muntaka ya ƙi, wai Katsina zai koma. Kulob ya ɗauki Jabiru. Muntaka mai iƙama, wato takardar izinin zama, baƙo ne, gurbin baƙi kuwa Amurkawa ake ba. Aka ba shi wankin rigunan 'yan wasa. Duk ranar da aka yi wa Jabiru tafi, rigarsa ke shan murza.

Da shekaru suka ja, koci ya shiga aunawa: a bar Jabiru, ko a musanya shi da wani matashin Riyad? Ya tambayi Muntaka, "Gwiwarsa fa?"

Muntaka ya san lafiyarta ƙalau. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allahu a'alam."

"Halas, shi ke nan," in ji koci.

Ranar tafiya Riyad, Jabiru ya rungume Muntaka. "Ɗan'uwa, ka riƙa leƙa min Umma."

Tun daga nan Muntaka ke kai ta asibiti, tana sa masa albarka, shi kuwa ba ya iya amsawa da amin.